Burtun Yaya Audu

Farkon makon nan wasu samari 'yan makarantar sakandare suka zo rumfata, suna so in sassaƙa musu kan burtu don wasan kwaikwayon ƙarshen shekara. Babbansu ya ɗauki wani guntun itace a gefe, ya jujjuya shi, ya ce, "Baba, ai wannan ba wani aiki ba ne. Sanda ce mai lanƙwasa da baki a gaba. Jibi sai mu zo mu ɗauka." Na ce su je, su dawo bayan Juma'a. Da suka tafi na zauna, ban taɓa gizago ba har aka kira la'asar. Abin da na rubuta a nan shi ne amsar da ban ba su ba. Bokona na yaƙi da jahilci ne, don haka a yi haƙuri da ni in maganar ta zo sannu.

Sunana Haruna. Masassaƙi ne ni, ɗan masassaƙi, a nan Haɗeja. Turmi da taɓarya, akushi, kujerar mata, ƙotar fartanya, allon karatu, da su muka ci, da su muka yi aure. Aikin farko da mahaifinmu ya sa ni shi ne muciya. Damina guda ina fere muciya, shi kuwa yana duba kowacce, ya miƙa wa mahaifiyarmu ta tura a murhu. Ranar da ya riƙe ɗaya ya daɗe bai miƙa ba, ya ce, "Wannan a kai wa maƙwabta," ranar na san na fara. Daga nan ya ba ni ƙaramin gizago. Ya koya mini ƙirya ta turmi ce, aduwa ta allo ce, kuma itacen da aka yi wa gaggawa yana ɗanye, jira yake ka sayar, sannan ya tsage a gidan mutane ya kunyata ka.

Kan burtu shi ne aikin da ya fi kowanne ƙanƙanta, ya kuma fi kowanne cin lokaci. Ga wanda bai sani ba, burtu babban tsuntsu ne baƙi mai dogon baki, a ƙasa yake yawo cikin ciyawa yana tsince-tsince, kuma namun daji ba sa gudunsa. Shi ya sa maharbi ke ɗaura kansa a goshi, ya yafa baƙin zane, ya durƙusa ya shiga ciyawa. Barewa ta ɗago ta ga tsuntsu yana sarar ƙasa, sai ta ci gaba da kiwonta. Wuyan ba a lanƙwasa shi da wuta. Sai ka yi ta yawo a bakin kogi har ka sami reshen da Allah ya lanƙwasa da kansa. Ka fere shi, ka haɗa masa bakin tsuntsun na gaske, baduku ya rufe da baƙar fata, a jera jajayen 'ya'yan tsiron idon zakara a maƙogwaro. Sannan a zo kan maɗauri, wato fatar da ke zagaye kan maharbi. Ita da goshin mutum ɗaya ake auna ta. Saboda haka ba a aron kan burtu. Maharbi in ya kwance nasa ya miƙa wa wani, ya yi sallama da daji ke nan, kuma duk wanda ke wurin ya san abin da ake nufi.

Yayana Audu, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, tun yana saurayi ya ajiye gizago ya bi maharba. Muna yara ƙayar kifin kurungu ta soke shi a diddigen hagu a wani tafki wajen Guri, ciwon ya daɗe, ƙafar ta warke da ɗan tauri. In yana tafiya a tsaye da wuya a lura. Sai ya durƙusa ne take biyo shi a baya tana ɗan jan ƙasa. Mu 'yan gida mun saba, har mun daina gani. Kan burtunsa mahaifinmu ya fara shi, idonsa ya raunana, ni na ƙarasa, shi kuma ya ɗinka maɗaurin da lalube.

Sau ɗaya na bi shi fadama, a wata shekara da ruwa ya cika har gonakin shinkafa suka zama tsibirai. Da sassafe ne, tururi na tashi a kan ruwa. Ya ce in hau tsamiya in yi shiru. Ya ajiye kan burtun a kan ciyawa, ya zauna yana fuskantarsa, hannuwa a gwiwa, ba addu'ar da na ji, ba magana, har na zaci ya manta da abin da ya kawo mu. Sannan ya ɗaura. Na ga yayana ya shiga ciyawa, ban ga fitowarsa ba. Abin da ya ɓullo can gaba tsuntsu ne, yana sara, yana ɗagowa, yana karkata kai kamar mai sauraron maganar da ake yi a ƙarƙashin ƙasa. Gauraki na tsaye a cikin ruwa ba su motsa ba. Belbelu suka buɗa masa hanya kamar yadda ake buɗa wa dattijo a kasuwa. Can sai ga burtu biyu na gaske sun fito daga bayan wata geza, suka sa shi a tsakiya, suka yi ta tafiya tare har tururin ya haɗiye su. Barewa na nan kusa, bai ɗaga baka ba. Da ya dawo na ce, "Yaya, me ya hana ka?" Ya ce, "Masu gida ne suka yi mini rakiya, Haruna. Ba a harbi a gaban mai rakiya."

Matarsa Hanne abokiyar wasata ce, kamar yadda matar wa take da ƙanin miji. Ba ta kiran sunansa, ba ta kiran nawa. Shi "yayanka," ni "Sarkin gizago." Ranar da muka shigo hannu wofi, ta leƙo daga madafa ta ce, "Sarkin gizago, me kuka kawo?"

Na ce, "Labari, amarya."

Ta ce, "To, miƙo in yanka. Yau miyar labari za ku sha, kai da yayanka."

'Ya'yansu duka mata ne, duk sun yi aure.

Bayan yaƙin basasa da 'yan shekaru aka yi fari. Kogi bai fito ba. Inda masunta ke kwanciya a kan gora suna bin ruwa, yara suka riƙa tsere a kan yashi. Shanu suka yi ta faɗuwa a hanyar Birniwa. Ba mai sayen turmi, don ba abin dakawa, akushi kuwa kwanon kanti ya riga ya fara korarsa. Na koma gyaran ƙota da ɗinkin tsohon turmi da waya. Tsuntsaye suka bar mu. Kukan burtu da ake ji da asuba kamar ana buga ganga a cikin rijiya, aka daina jinsa. A shekarar ne tari ya kama Yaya Audu. Kan burtunsa ya koma rataye a bango. Samarin da ya kamata su koya sun tafi Kano leburanci, don an fara jin ƙanshin kuɗin mai. A unguwarmu shi ne na ƙarshe da ya iya tafiyar. Ni na iya sassaƙa kan, amma kan ba tare da tafiyar ba itace ne kawai. Ita kuwa ba a rubuce take ba, a ƙafar mutum take, in ya tafi ta bi shi. Shi ya sani, ni na sani, ba wanda ya ɗaga maganar.

Aikin da ya kawo mini wani baƙo, gyaran fuska ne. Lokacin dogon hutu, Ɗahiru, ɗan wani Alhaji mai sayar da shinkafa a unguwarmu, wanda ke karatu a jami'a, ya shigo rumfata da wani Ba'indiye siriri mai furfura. Malaminsu ne na wasan kwaikwayo. Sunansa ya gagari bakinmu, sai muka riƙa ce masa Malam Ba'indiye, shi ma yana amsawa. Ya biyo Ɗahiru ne don ya ga kogin da yaron ya cika musu kunne da labarinsa, ya tarar da yashi. Ya buɗe wani ɗan akwati, ya warware ƙyalle, sai ga fuskar mace ta itace, fara sol, ƙarama, da 'yan ramukan ido kamar na allura. Ɗahiru, wanda shi ke yi mana tafinta, ya ce daga ƙasar Japan ta fito, inda malamin ya zauna shekaru. Zafinmu ya tsaga ta daga goshi zuwa kunci.

Mahaifinmu ya hana mu sassaƙa fuskar ɗan Adam, kuma ban taɓa yi ba har yau. Amma wannan wani ya riga ya yi, rauni ne aka kawo mini. Na jiƙa ƙaro mai kyau, na niƙa alli ya yi laushi kamar garin tuwo, na haɗa, na riƙa ɗura wa tsagar da gashin zabo. Na naɗe ta da jiƙaƙƙiyar fata don in fatar ta bushe ta matse, na ajiye a inuwa cikin tukunya. Da na juya bayanta sai na ga sawun wuƙar wanda ya yi ta, jere-jere, bai goge ba. Na sa babban yatsana a ciki, ya zauna daidai. Ban san sunansa ba, ban san ko yana raye ba, amma na san inda ya tsaya ya huta, na san inda itacen ya yi masa gardama.

Ranar da suka zo karɓa, Malam Ba'indiye ya riƙe fuskar a gabana ya ce da 'yar Hausarsa, "Duba." Ya ɗan ɗaga ta sama, sai na ga tana murmushi. Ya ɗan sunkuyar, sai na ga mace mai kuka. Na karɓa na duba ko da wata dabara a ciki. Babu. Ɗahiru ya ce, "Wai ya ce fuskar ba ta motsi, Baba. Wuyan mai sanye da ita ke yin aikin."

Na ce, "Ashe kamar burtu."

Malamin ya ce, "Mene ne burtu?"

Nan suka zauna a kan turamen da ba a saya ba, Ɗahiru ya ba ni labarin wasan da suke shiryawa. Wani matafiyi ne ya kwanta a bakin kogin da ya ƙafe, ya yi mafarki da wata mace mai neman ruwan da ya gudu. Fuskar da tafiyarta, ta jan tafin ƙafa ba ɗagawa, daga Japan. Maganar hannu, yadda yatsu ke zama kifi ko igiyar ruwa, daga ƙasar malamin. Farin yadi da ake nuna inuwa a bayansa, daga wani tsibiri can gabas. Ganga da sarewa namu. Abin da suka rasa shi ne wanda zai yi wa matar jagora zuwa ruwa. Na ce su zo mu je gida.

Mun tarar da Yaya Audu a zaure, jingine da bango. Da ya ji abin da ke tafe da su sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Wasa? Abin da na ci da iyali da shi za ku yi wasa? Ɗan boko, ubanka ya san kuɗin shinkafarsa a nan suke tafiya?" Ɗahiru ya sunkuyar da kai. Malam Ba'indiye ya roƙi a sauko masa da kan ya gani. Na sauko da shi na ajiye a kan tabarma. Bai taɓa ba. Ya tuɓe takalmi, ya zauna yana fuskantarsa, hannuwa a gwiwa, ya yi shiru. Ya daɗe. Na ga dariyar ta bar fuskar yayana.

Ya ce, "Kai, Ɗahiru, wa ya koya masa wannan?"

Ɗahiru ya tambaya, ya ce, "Wai a can ma haka ake yi kafin a sa fuska. Sai ka dube ta har ta san ka."

Yaya Audu ya ce, "To, mutumin nan maharbi ne, bai sani ba ne kawai. Ku zo gobe bayan la'asar."

Na sassaƙa wa Ɗahiru sabon kai, aiki mai kyau, ban rage komai ba. Kullum in rana ta yi sanyi sai mu gangara cikin kogin, kan yashi, Yaya Audu ya dafa kafaɗata. Da baki ya fara koyarwa, abin ya ƙi. Ɗahiru yaro ne mai tambaya. Me ya sa ake karkata kai hagu? Sara nawa kafin a ɗago? Yaya ya ce, "Ka tambayi burtu." Burtu kuwa babu ko ɗaya a ƙasar, kuma yaron bai taɓa ganinsa yana tafiya ba, a gari ya tashi. Sai Malam Ba'indiye ya kira shi gefe ya yi masa magana da murya ƙasa-ƙasa. Ɗahiru ya dawo ya ce, "Wai a wajensu ɗalibi ba ya tambayar dalili. Bayan malami ake bi, abin da ya yi a yi, ba a ragewa, ba a zaɓe. Dalilin yana zuwa daga baya, ko kuma ba ya zuwa."

Saboda haka dole Yaya Audu ya ɗaura nasa ya durƙusa. Shi a gaba, Ɗahiru a baya, malamin a gefe yana kallon ƙafafu. Rana na faɗuwa a bayansu, inuwarsu ta yi tsawo a kan yashi, tsuntsaye biyu a kogin da ba ruwa. Wani lokaci sai in ga kamar ciyawar ta dawo, kamar ina kan tsamiyar nan. Sai tari ya tsayar da shi, ya kifa kai, kafaɗunsa su girgiza, sannan ya ci gaba. In ya juyo ya ga na bayansa sai ya ce, "Wannan ba burtu ba ne, kaza ce mai neman wurin ƙwai. Sake."

Hanne ba ta so. Ta tare ni a soro ta ce, "Sarkin gizago, kai da Ba'indiyenka za ku ƙarasa mini shi a kan yashi."

Na ce, "Ki hana shi mana, amarya."

Ta ce, "Na hana. Ya ce tun da aka yi fari bai ci tuwo da daɗi ba sai yanzu." Ta miƙo mini ƙwaryar fura a rufe da faifai. "Ka ba shi in ya zauna. Kada ka shanye a hanya, na san halinka."

Kullum tafiyar tana ƙara gajarta. Da farko muna kaiwa har gindin giginyar da ke tsallake, sai muka koma rabin hanya, sai kusa da gaɓa. Hutun Ɗahiru ya zo ƙarshe. Ƙafafunsa sun kama, bayansa ya kwanta, amma kan a mace yake. Sabon aiki ne, ba nauyi, fatar ba ta sha gumi ba. Yana ɗauke da shi kamar mai tallan nono, yana tsoron kada ya zube. Ranar ƙarshe Yaya Audu ya yi ɗan taƙi ya zauna a kan yashi, numfashi na fita da ƙyar. Ya daɗe yana kallon yaron. Ya ce, "Kai kake ɗauke da shi. Shi ya kamata ya ɗauke ka." Ya kai hannu ƙeya ya kwance nasa. Ya riƙe shi a cinya, ya share masa baki da gefen riga. Sannan ya miƙa.

Ɗahiru ya karɓa da murna, ya ce, "Na gode, Baba. Da an gama wasan zan dawo maka da shi."

Yaya ya ce, "Ba a dawowa da shi." Ya dube ni. "Haruna, gyara masa maɗauri."

Gyaran maɗauri ba ya cin lokacin shan fura, amma shi ne aikin da na fi tunawa a duk sana'ata. Kan Ɗahiru ya fi na yayana girma, dole a ƙara. Fatar ta yi baƙi, ta yi santsi, ta ɗauki siffar goshinsa har da ɗan ramin da ke saman girarsa. Ban yarda na sa wuƙa ba. Na nemi ɗinkin da mahaifinmu ya yi, na warware shi zare-zare da tsinke, na sako guntun fata daga sabon kan, na haɗa ta wajen ƙeya, inda ba za ta taɓa goshi ba. Malam Ba'indiye ya tsuguna kusa da ni yana riƙe mini bakin fatar, bai tambayi komai ba, ina jin ya gane. Ɗahiru ya ajiye kan a gabansa, ya zauna ya dube shi, ya ɗaura, ya durƙusa. Nauyin ya ja wuyansa gaba, bakin ya sari yashi, ya ɗago da kansa. Ya karkata. Ya tafi.

Yaya Audu ya ce, "Ya isa. Ku kai ni gida."

Washegari suka tafi garin Malam Madori suka hau jirgin ƙasa. Yayana ya rasu kafin ruwan farko, wata Alhamis da hantsi. Ni na je kanti na yanko alawayyon likkafani. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi nan.

Ɗahiru ya zo ta'aziyya. Ya ce sun yi wasan a jami'a, ɗakin ya cika, kuma da burtu ya fito ba wanda ya yi ko tari. Ya ce malaminsu ya yi alkawari za su kawo shi Haɗeja. Na ce su bari Hanne ta fita takaba.

Suka zo da kaka, a wata motar ɗaukar kaya. A shekarar kogi ya dawo, ba kamar da ba, amma ya dawo. Babu lantarki a bakin ruwa, sai suka kafa sanduna biyu a kan yashin gaɓa, suka ɗaura farin yadi, suka bar rana ta la'asar a bayansa ta zama fitila. Alawayyo ne. Na dube shi na kawar da kai. Gari ya fito, maza a gaba, mata a can gefe wajen geza, yara a kan bishiyoyi. Da mai farar fuska ya fito, wani ɗalibi ne namiji cikin doguwar riga, yara suka yi ihu, "Aljana!" aka yi ta dariya. Ita kuwa ta ci gaba da zuwa, tafin ƙafarta bai bar ƙasa ba, kamar ruwa ke kawo ta. Ta sunkuyar da kai, dariyar ta mutu. Na nemi tsagar da na gyara, ban gan ta ba. Hannuwanta suka yi kifi, suka yi igiyar ruwa, suka buɗe ba komai a ciki. Wani tsohon masunci kusa da ni ya ce, "Allah sarki, ita ma farin ya same ta."

Sarewa ta yi ƙasa. Ganga ta fara bugu ɗaiɗai, irin kukan nan na cikin rijiya. Sai inuwa ta hau kan yadin, dogon wuya da baki, ta fi mutum tsawo. Ta sara, ta ɗago, ta saurara. Sannan ta zagayo gefen yadin ta fito fili.

Na san zan ga kan da na ƙarasa da hannuna, na shirya wa wannan. Abin da ban shirya masa ba ita ce ƙafar. Ƙafar hagu tana biyo shi a baya, tana jan yashi, tana barin layi. Ya yi taƙi kaɗan ya tsaya, ya kifa kai, kafaɗunsa suka girgiza ba sauti, sannan ya ci gaba. Duk kwanakin nan a cikin kogi ina kallo ban gani ba, don idona ya saba. An ce wa yaron kada ya rage, kada ya zaɓa, bai kuwa rage ba. Bai taɓa ganin burtu ba, Audu ya gani. Ya ɗauke ƙayar kurungu, ya ɗauke tarin, ya zaci duka na tsuntsu ne. Haka ya ja matar mai farar fuska, a hankali, har bakin ruwa, rana ta sauka a bayansu, ruwan ya yi ja. Ban san lokacin da aka gama ba.

Mutane na watsewa, Malam Ba'indiye ya zo da Ɗahiru, yaron na ta gumi, kan a rungume a ƙirjinsa. Malamin ya riƙe hannuna da nasa biyu. Ɗahiru ya ce, "Wai yana tambaya, Baba, tsakani da Allah, akwai gyara? Ya ce kai ka ga na gaske, mu ba mu gani ba. In da kuskure ka faɗa, don wasu za su koya daga wurina."

Ni mai sana'a ne. In turmi ya karkace, ko na ɗan'uwana ne, faɗa nake. Burtu ba ya jan ƙafa, ba ya tari. Na buɗe baki.

"Sarkin gizago."

Hanne ce, tana tsaye a bayana, ta ja mayafi har goshi. Ban ji zuwanta ba. Tun rasuwar ba ta kira ni da sunan nan ba.

Na ce, "Na'am, amarya."

Ta ce, "Kai turmi ka sani. Haka burtu yake tafiya."

Na juya na ce wa Ɗahiru, "Babu gyara."

Ta wuce mu ta gangara inda aka yi wasan. Layin na nan a kan yashi, daga gindin yadin har bakin ruwa. Ta bi gefensa sannu, ba ta taka ba, har inda ya ƙare. Ta ɗan tsaya, sannan ta ce mini mu je, magariba ta yi.

Ɗahiru ya zama malami a bayan Ba'indiyen, ya koya wa wasu, su ma suka koya wa wasu. An gaya mini har yanzu duk ɗalibin da ya ɗaura kan nan a can yana jan ƙafar hagu, yana tsayawa ya girgiza kafaɗa. Wai har dalili suka samo masa, cewa dabara ce ta tsuntsu don ya yaudari maƙiyi. Na riƙe maganar a cikina har Hanne ta bi mijinta bara. Yanzu ni kaɗai na rage da na san tafkin da ƙayar. Na rubuta ne don a san mai ƙafar, sunansa Audu, maharbi ne, ɗan masassaƙi. Wanda ya karanta, ina roƙonsa kada ya je ya gyara musu.

Samarin nan za su dawo bayan Juma'a. Reshen ban same shi ba tukuna, sai na yi yawo a bakin kogi, kuma sai ya bushe a inuwa. Za su ce na cika jinkiri. Kafin in auna goshin kowa, zan gangara da su kan yashi in rana ta yi sanyi, in ce su bi bayana, kada su tambaye ni dalili. Gwiwata ta tsufa, amma za ta durƙusa. Ƙafafuna duka biyu lafiyarsu ƙalau. Na san wadda zan ja.